Maɓallin da Ba Ya Kwana da Suna Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na dare a Nima.
Wuta ta tafi yawonta, fanka ta yi shiru,
batir ya rage kashi talatin da ɗaya.
Na tashi ɗan aikena,
'yan layukan da na rubuta da hannuna,
na ce: shiga shafi, danna maɓallin "Biya", ka dawo.
Ya dawo hannu rabbana, da jan rubutu:
ban same shi ba.

Alhali ga shi ina kallo,
kore shar a ƙasan kwandon saye.
Jiya lambarsa bakwai, huɗu, biyu.
Yau da na sake buɗe shafin
ya koma tara, sifili, shida,
kamar wanda ake bi bashi, kullum da sabon layin waya.

Sai na bi ta ƙirge:
daga sama, akwati na biyu,
cikinsa na huɗu, cikin na huɗun na farko.
Ran Talata ya yi aiki.
Ran Laraba aka cusa tallar rangwame a sama,
na huɗu ya zama na biyar,
ɗan aikena ya je ya danna "Zubar da kwando",
ya dawo yana murna.

Haka Mutaru ya yi da ɗinkin Inna.
An ce masa gida na shida bayan gadar kwata;
kafin ya zo an kafa shagon katako tsakanin na biyu da na uku,
ya kai kayan biki gidan da ake zaman makoki.

Kakata Sahadatu ba ta taɓa ƙirga gida ba.
In baƙo ya tambaye ta wani, sai ta ce:
ɗan wa ne? Wa ke maƙwabtaka da shi?
Gida yakan sauya fenti, in ji ta,
amma mai koko ba ta barin gindin masallaci.

Na goge ƙirgen.
Na ce: nemi akwatin da ke riƙe da jimillar kuɗi,
sidi kaza da 'yan kai. Uwar ke nan.
Cikin 'ya'yanta akwai mai "Biya" a goshi.
Kada ka tambayi lambarsa, ƙarya zai yi maka.

Ya je. Ya sake dawowa da ja.
Wannan karon garaje ne:
ya isa kafin shafi ya gama baje kolinsa.
Har zan ce ya yi barcin daƙiƙa goma,
sai na tuna tasha.
Mai jiran tro-tro ɗin Madina
hanya yake kallo, ba agogo ba.
Tsaya har ya bayyana, na ce,
har ya yarda a taɓa shi.
In an wuce daƙiƙa ashirin, zo ka faɗa mini gaskiya.

Kore.
Gwaji ɗaya, biyu, goma sha bakwai,
duk kore.
Ban yi guɗa ba, maƙwabta na barci,
kuma na san halin shafin nan.
Wata rana za a juya shi zuwa wani harshe,
"Biya" ta tuɓe ta saka wata riga.

Da safe zan hau bene wurin Ofosu mai ginin shafin,
in ba shi labarin kakana da huhun goro:
kafin a ɗora a mota daga Kumasi
yakan ɗiga shuni a kusurwa,
shaidar da ba ruwan mai saye da ita,
ta mai nema ce kaɗai.
Ofosu, ɗiga mini ɗaya a jikin maɓallin nan.
Sauya masa launi, sauya masa mazauni,
wannan ɗigon dai ka bar mini.

Batir ya rage kashi huɗu.
Ladan yana gyara murya.
Ta taga ina jin ƙamshin hayaƙi:
mai koko ta hura wuta
a inda take jiya.